Jinin Asiya Mai Tuwon Arfa

Asiya a unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ta, a gidan mahaifinta Malam Tsoho, Allah Ya jiƙansa. Kakanta ne ya taso daga Sakkwato a ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya, yana tsayawa a Sudan ya yi noma, in ya sami guzuri ya ƙara gaba, har Allah Ya kawo shi Makka ya zauna. Ita kam ba ta taɓa ganin Sakkwato ba. Amma in ta buɗe baki Hausar can ce, in ta ɗora tukunya ma tuwon can ne.

Gidan Malam Tsoho a da gidan saukar alhazai ne. In lokaci ya zo sai a kwashe yara a mayar da su saman soro, a bar wa baƙi ɗakuna. Shi ba mutum ne mai yawan magana ba, amma akwai abu guda da ya riƙe, kuma kowane ɗa a gidan ya tashi da shi: baƙon Allah in ya sauka wurinka, ba ka kai sunansa gaban ofis. Ko me ya yi, cikin gida ake gyarawa. Asiya ba ta taɓa tambayar dalili ba. Haka ta tarar, haka ta ɗauka.

Ta yi aure tana da shekara ashirin. Mijinta Isa direban tasi ne, mutum mai haƙuri, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. 'Ya ɗaya Allah Ya bar mata, Basma, wadda ke aiki a wani ofishin makaranta. Basma tana jin Hausa sarai, sai dai in za ta mayar da amsa rabi da rabi take yi, kan magana Hausa, wutsiyarta Larabci.

Sana'ar Asiya girki. Cikin shekara tana yi wa masu biki da masu suna, amma aikinta na gaske kwana uku ne: kwanakin da kamfanin da ke ciyar da alhazan Najeriya ke kai ta Arfa. Shekara ashirin da bakwai a jere ba ta taɓa fashi ba. Ita ce babba a kan tukwane goma sha biyu, kowace tukunya sai mutum biyu sun kama kafin ta motsa. Tuwon shinkafa da miyar kuka. Alhajin da ya yi sati uku yana cin shinkafar Larabawa, in ya ga wannan tuwo a Arfa, wani har hawaye yake yi. Asiya ba ta ganin su, tana bayan tanti wajen wuta, sai dai masu kai abinci su dawo su ba ta labari. Sai dai ta gyara ɗaurin zaninta ta ce a miƙo muciya.

Tsayuwar nan ce ta taɓa mata ƙafa. Da ta haura hamsin sai jijiyar sharaɓarta ta fara ɗaurewa. In ta zauna tahiya sai ƙafar ta riƙe kamar an sa igiya an ja, ta kasa tashi sai ta dafa bango.

A azumin shekarar da ake magana, Inna Rabi'atu ta zo umara daga Sakkwato. 'Yar wan mahaifiyar Asiya ce, tsohuwa mai kusan saba'in da biyar, mai kaifin baki. Ta zo shan ruwa Hindawiyya da tsarabarta, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Bayan magariba ta ga Asiya ta idar da salla ta zauna tana murza ƙafa tana cije leɓe.

Ta ce, "Ke kuma me ya same ki? Ni da na haifi sa'arki ban zauna haka ba."

Asiya ta gaya mata. Tsohuwa ta kwance bakin gyalenta ta fito da wata 'yar leda, ƙwayoyi farare a ciki, babu kwali babu rubutu.

"Ungo. Wani mai kyamis a unguwarmu ke ba mu. Ɗaci gare shi kamar maɗaci, amma in kin haɗiyi ɗaya ƙafar sai ta saki." Sai ta rage murya. "Amma ki ji, kada in ji sunana a bakin kowa. A filin jirgi gabana aka tsayar da wata saboda magani, har muka wuce ba a sake ta ba. Ni bana nake sa ran Hajjina, an sa sunana. Kada ki jawo mini."

Asiya ta ce, "Haba Inna. A gidan wa na tashi?"

Maganin ya yi aiki. Sau uku ta sha a goman ƙarshe, kowane karo ƙafar ta saki. Inna Rabi'atu ta koma gida bayan salla.

Cikin Shawwal, wata safiya, Asiya ta sa asuwaki a baki ta fito da shi ja jawur. Ta kurkure, ta sake kurkurewa, jinin bai tsaya ba. Abin da ya fara damunta ma alwalarta ce. Da hantsi tana tankaɗe sai ga ɗigo a kan garin, daga hancinta. Basma ta shigo ta gan ta da tsumma a fuska, ta ja leɓenta na ƙasa ta duba, ta ga ɗige-ɗige kamar an watsa barkono.

"Ummi, yalla, tashi. Mustashfa."

"Bari in gama tankaɗen."

"Wallahi ba za ki gama ba. Tashi."

A asibiti aka ɗibi jininta aka kai awo. Likitar da ta karɓe ta sunanta Manal, 'yar siririya mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta zo da takarda ta zauna bakin gado ta ce mata, a cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, Larabawa na ce musu safa'ih, su ne ke taruwa su toshe wuri in an ji ciwo, jini ya daskare. Mai lafiya yana da dubu ɗari da hamsin ko fiye a kowane ɗan ma'auni. Na Asiya dubu tara.

"Ina sauran suka tafi?" in ji Asiya.

"Shi za mu nema, Hala," in ji likita. Hala take ce mata, kamar yadda yaran Makka ke kiran sa'ar uwa.

Aka kwantar da ita. Aka duba zazzaɓin sauron nan da ake kira danak, wanda ke kama mutane a Makka in an yi ruwa, babu. Aka duba hanta da saifa, lafiya lau. Jajayen ƙwayoyin jini cif, fararen ma cif. Likita ta ce wannan abin a gode wa Allah ne, don in cutar ɓargo ce, da wuya ta taɓa iri ɗaya ta ƙyale sauran. Kuma ta ce an auna girman 'yan safa'ih ɗin da suka rage, an same su manya. Sabuwar ƙwaya babba take fitowa, sai ta tsufa take ƙanƙancewa. Tunda manya ne, sababbi ne ke nan, ɓargo yana aikinsa, har ma yana ƙarawa. Wani abu ne a waje yake cinye su da sun fito.

Asiya ta gane wannan. Ta san yadda ake cika faranti a juya a tarar an kwashe.

Likita ta ce, "Kina shan wani magani?"

Ta ce, "A'a."

A ranar ba ta ɗauki abin da ta faɗa ƙarya ba ƙwarai. Ƙwaya ɗaya ce ta sha kwana biyu kafin nan, kuma me ya haɗa ƙafa da dasashi? Ta yi istigfari a zuciyarta ta bar maganar.

Kwana shida ta yi. Kullum da safe a ɗibi jini, kullum lissafin yana hawa: dubu ashirin, dubu sittin, har ya kai dubu ɗari da sittin. Aka sallame ta.

Tana komawa gida Mukhtaru ya kira. Shi ne mai ɗaukar ma'aikata a kamfanin, ɗan unguwa ne, Asiya ta san shi tun yana yawo ba wando.

"Yaya Asiya, sannu da jiki. An ce kin kwanta. To kin san dokar bana, duk mai taɓa abincin alhazai sai da takardar likita, ke kuma da kika kwanta asibiti sai wadda ta duba ki ta sa hannu. Ranar ashirin ga Zulƙida nake rufe sunaye, ni ma sama ake jira na."

"Ka rubuta sunana, takarda na zuwa."

"In ta zo zan rubuta da babban baƙi."

"Kai dai Mukhtaru, da bakinka kamar na mai tallan agogo."

Kwana goma ta yi a gida lafiya. Ranar sha ɗaya, bayan la'asar, ƙafar ta riƙe ta a kan sallaya. Ta lallaɓa ta buɗe kwallar da take ajiye turare, ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga ledar Inna ta haɗiya da ruwan Zamzam. Ba a yi awa uku ba sanyi ya rufe ta, haƙora na kaɗawa. Washegari bakinta ya cika da jini.

Aka koma asibiti, awo ya nuna dubu goma sha ɗaya.

Wannan karon likita Manal ba takarda ɗaya ta kawo ba. Ta jera su a kan zanin gado, ta farko da ta tsakiya da ta yau, ta kira Basma ta matso.

"Ku duba. Ranar da ta zo, tara. A wurinmu ya hau har ɗari da sittin. Ta koma gida ta yi kwana goma, sannan ya faɗo cikin kwana ɗaya. Ciwon da ke cikin jiki ba ya sanin gida da asibiti. Kuma har yau ƙwayoyin manya ne, sauran jinin bai motsa ba. Akwai abin da ke shiga cikinta a gida wanda ba ya shiga a nan."

Basma ta shiga lissafi da yatsu. Habbatus sauda, zuma, sanamaki, kanwa, goro, jiƙon tazargade, shayin na'ana'a. Likita ta ce a kawo duka. Basma ta je ta cika jaka ta kawo, har da man zafi. Aka duba, likita ta girgiza kai. Waɗannan ai shekara da shekaru take amfani da su.

Ta juya wajen Asiya. "Hala, ko ƙwaya ɗaya. Ko wani ya ba ki don ciwon kai, ko ciwon ƙafa."

Da ta ce ƙafa, Asiya ta tuna ledar Inna Rabi'atu. Yanzu kam ta sani. Ta dubi silin ta ce, "Ban tuna ba."

Likita ta tattara takardunta. Ta ce in ba a gano dalili ba, ba za ta sa hannu a tura mace wajen wuƙa da wuta a tsakiyar Arfa ba, inda in jini ya ɓalle motar asibiti za ta yi awa tana neman hanya. Kuma in aka kai sati biyu babu amsa, dole a sa allura a ƙashin ƙugu a ɗebo ɓargo a duba, ko da awon bai nuna can ba, don a cire shakka.

Ranar sha biyu ga Zulƙida ke nan. Saura kwana takwas Mukhtaru ya rufe sunaye.

Asiya ta kwanta tana juya abin. In ta fito da ledar, za a ce wa ya ba ki. In an rubuta, takarda tana da ƙafa, daga wannan ofis sai wancan. Tsohuwa mai shekara saba'in da biyar, wadda ta sayar da gonar gadonta ta biya kujera, a tsayar da ita a filin jirgin Madina saboda Asiya 'yar Malam Tsoho ta buɗe baki? Ta ari wayar Basma ta kira Sakkwato, wai gaisuwa. Inna Rabi'atu ta ce biza ta fito, an ce jirginsu cikin satin nan, amma kin san jirgin alhazai, yau a ce gobe, gobe a ce jibi.

"Ƙafar fa?" in ji tsohuwa.

"Da sauƙi, Inna."

Ta yanke a ranta: sai Inna ta sauka, an buga mata hatimi ta shige, sannan. In jirgin ya tashi kafin ashirin, shi ke nan, an tsira duka biyu.

Aka sallame ta ranar sha bakwai, jini ya sake cika, takarda babu hannu. Ba ta ƙara taɓa kwallar ba. Ƙafar ta riƙe ta sau biyu, ta yi sallarta a zaune. Kullum ta kira Sakkwato, kullum a ce suna sansanin alhazai suna jira. Ranar sha tara Mukhtaru ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota.

"Yaya, gobe ne fa."

"Na sani."

"In babu, sai dai in ba Nadiya tukwanen. Ke kika koya mata, ba baƙuwa ba ce."

Nadiya 'yar mutanen Chadi ce, shekara tara tana ƙarƙashin Asiya. Hannunta yana da kyau, sai dai gaggawa.

Asiya ta ce, "Ka ƙara mini kwana uku."

"Da a hannuna yake, da wata zan ƙara miki."

Jirgin Inna Rabi'atu ya sauka Madina ranar ashirin da uku. Da tsohuwa ta kira tana faɗan an ba su ɗaki hawa na tara, Asiya ta ce alhamdu lillahi, ta ajiye waya, ta buɗe kwalla, ta ƙulle ledar a bakin gyalenta ta ce wa Basma ta kira tasi.

A ofishin likita ta kwance ta ajiye a kan tebur. Ƙwaya bakwai suka rage. Likita Manal ta ɗauki ɗaya ta juya, ta aika da ita wajen masu magani. Ba a daɗe ba amsa ta dawo. Kwinin ne, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro. Likita ta ce gaskiya ne yana sakin jijiya, shi ya sa mutane ke ba juna. Amma akwai wanda jikinsa ke ƙulla gaba da shi, da ya shiga sai jikin ya juya ya hau cinye safa'ih ɗinsa. Ƙwaya ɗaya ta isa. Ta ce har abada kada ta ƙara, ko lemon kwalban nan mai ɗaci da ake sa masa kaɗan a ciki, kada ta sha. Allurar ɓargo kuma an fasa.

"Wa ya ba ki, Hala?"

"Na manta."

Likita ta cire tabarau ta dube ta. "Ba ni da inda zan kai sunan. Ko kin faɗa, a fayil ɗinki sunan maganin kawai zan rubuta. Ki dai gaya wa wadda kika manta ɗin ta daina rabawa, ita ma ta daina sha, yana taɓa zuciyar tsofaffi."

Ta jawo takardar ta sa hannu.

Suna cikin tasi, sun kusa gida. Sai Basma ta fashe, Larabci na tunkuɗe Hausa.

"Kwana goma sha ɗaya, Ummi! Kin sani kika yi shiru! Na kwaso miki kanwa da goro kamar mahaukaciya, duktura tana kallona. Kin ji da kunnenki, ba wanda zai tsare kowa. A banza!"

"Yanzu muka ji."

"Da kin tambaya!"

"In tambaya yaya, ban faɗa ba?"

Direban, wani dattijo Bahaushe, ya ƙara sautin rediyo.

Asiya ta aika wa Mukhtaru takardar duk da haka. Ya kira ya ce wallahi sunaye sun tafi, katunan shiga Arfa ma an buga, da hoton Nadiya. Ya ce baɗi in Allah Ya kai mu. Ta ce Allah Ya kai mu. Ta kira Madina ta gaya wa Inna Rabi'atu ta zubar da sauran na wurinta, likita ta ce ba shi da kyau. Ba ta gaya mata kwanciyar asibiti ba. Tsohuwa ta ce likitocin zamani komai ba shi da kyau, amma ta ji.

Matan Makka suna da al'ada. Ranar Arfa, in gari ya watse, maza sun tafi aikin alhazai, Harami ya zama fili, sai su fito da 'ya'yansu da abin buɗe baki su cika shi, su yi ɗawafi a natse, su zauna har magariba. Asiya a Makka aka haife ta amma rabonta da wannan zama tun tana budurwa. Azumin ranar ma ba ta samun yi, mai tsayuwa gaban tukunya goma sha biyu a wannan rana ba ya azumi. A bana ta ɗauka. Ita da Basma suka fita da hantsi, da dabino da gahawa a jaka.

Suna cikin farfajiya, ba su kai ƙofa ba, wayar Basma ta yi ƙara. Nadiya ce, bayanta hayaniya da ƙarar murfin tukwane.

"Ba ni Yaya. Yaya, miyar ta yi gudaji, tukunya huɗu! Azahar ta kusa!"

Asiya ta ja gefe ta jingina da wani ginshiƙi, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"A tafasa kika zuba kukar, ko? Na sha gaya miki. Kashe wutar. Kashe duka huɗun. Ki samo maburgi babba, mutum ɗaya na barbaɗawa ɗaya na burgawa, kada hannu ya tsaya. Wadda ta riga ta yi gudajin a tace ta da rariya, kada ki zubar. Kin sa kanwa?"

"Kaɗan."

"Ya isa. Sauran takwas ɗin kada wanda ya taɓa sai kin sauke wuta. Ki ɗanɗana gishiri da kanki, kada ki bar wa Mukhtaru."

Ta tsaya da wayar a kunne tana sauraron ƙarar maburgi daga Arfa, har Nadiya ta ce ta fara haɗuwa. Sannan ta miƙa wa Basma wayar, ta cire takalmanta ta sa a leda, suka shiga.